Rahoton ayyukan ƙungiya na shekarar da ta ƙare

Assalamu alaikum 'yan uwa membobi, ga taƙaitaccen abin da muka yi bana.

Kun dai tuna a mitin ɗin farkon shekara mun tsayar cewa bana ƙananan halittun da ido baya gani za mu sa a gaba, su bakteriya da danginsu, don yawancin mutane da zarar an ambace su cuta kawai ke zuwa musu a rai, alhali kuwa su ke ruɓar da ganye da mushe su mayar da su taki, kuma kusan rabin iskar oksijin da ake samarwa a duniya daga ƙananan halittun teku take fitowa.

Karatun wata-wata ya gudana lafiya. Wanda ya fi ɗaukar zafi shi ne na iskar metan, wadda wasu ƙwayoyin halitta ke fitarwa a tumbin shanu da gonakin shinkafa da ke cike da ruwa, kuma cikin shekara 100 tana riƙe zafi kusan ninki 28 na kabon dayoksaid. An yi muhawara sosai kan alƙawarin da ƙasashe suka ɗauka a taron sauyin yanayi na duniya da aka yi a birnin Glasgow a 2021 na rage ta da kashi 30 cikin 100 zuwa 2030, wasu na ganin magana ce kawai, ni kam ina ganin akwai abin yi tun daga gona, kamar barin gonar shinkafa ta ɗan sha iska kafin a sake ba ta ruwa. Mun kuma taɓa batun ƙanƙararriyar ƙasar Siberiya da ke narkewa, bakteriya na cin abin da ya daɗe a daskare suna sako iska mai ƙara ɗumama.

Aikin fili kuwa wallahi ya faranta min rai. Mun tono saiwar wake muka nuna wa ɗalibai 'yan ƙulle-ƙullen nan da bakteriya ke zaune ciki suna jawo naitirojin daga iska su ciyar da shuka, yaran har rige-rige suke su taɓa. Ramin takin da muka haɗa shi ma ya nuna.

Inda muka gaza shi ne maikiroskop, wato na'urar da ake ganin ƙananan halittu da ita, ba mu saya ba saboda kuɗin wata bai shigo yadda ya kamata ba, don Allah masu bashi a taimaka a biya kafin mitin na gaba, ba za mu ci gaba da koyar da abin da yara ba su taɓa gani da idonsu ba.

Sakataren ƙungiya