Zuwa ga 'yata Ummi, kan maganar Fizis

Assalamu alaikum, Ummi.

Bayan gaisuwa, da fatan kina lafiya, ya karatu? Mu nan gida kowa lafiya, sai hazon hunturu da ya lulluɓe Kaduna. Ƙaninki ya kwana biyu yana tari, amma ya samu sauƙi.

Mamanki ta faɗa mini hirar da kuka yi ranar ziyara, cewa in an zo cike fom ɗin JAMB na neman karatun likitanci kina so ki sa Lissafi a madadin Fizis, don a nan kika fi ƙarfi. Tun daren da na ji zancen nan yake cin raina, shi ya sa ban jira hutu ba na ɗauki biro.

Ummi, mai neman likitanci darussa huɗu yake rubutawa: Turanci, Bayoloji, Kemistiri da Fizis. Babu musaya. In kika cire ɗaya, ko maki nawa kika ci cikin 400, ba za a ba ki gurbin ba. Kin san ɗan maƙwabcinmu na bayan masallaci. Mai shagon intanet ne ya cike masa fom, ya sa Lissafi, shi kuma bai duba ba ya sa hannu. Sakamako ya fito da kyau, uwarsa har waina ta raba a layi. Bayan wata biyu na same shi zaune a dakalin ƙofar gidansu, takardar a hannunsa, ya kasa ɗago kai ya gaishe ni. Shekara guda ta tafi a haka.

Na san Fizis yana ba ki wuya, ban raina wannan ba. Amma ki tuna na'urar da kike ɗaura wa Hajiya a damtse kullum da safe. Lambobin nan biyu da kike karanto mata, ƙarfin bugun jini ne a jikin jijiya, kuma wannan Fizis ne tsantsa. Hoton ƙashi, sikanin masu ciki, gilashin idon da nake karatu da shi, duk daga can suka fito. Abin da kike gudu yanzu, shi za ki tarar a gaban gadon majinyaci.

A WAEC ma sai kin samu kiredit biyar, har da Lissafin naki, kuma ki yi niyyar kawo su a zama ɗaya. JAMB kuwa a kwamfuta ake yi, tambaya 180 cikin awa biyu, ga tantancewar jami'a a bayanta. Ko ABU Zariya kika zaɓa ki yi asibiti a Shika, ko KASU, jami'ar jiharmu, ki yi a Barau Dikko kusa da mu, gurabe kaɗan ne, masu nema kuma ba iyaka. In Allah bai nufa a karon farko ba, akwai IJMB, karatun share fagen shiga jami'a, amma can ma Fizis ɗin na nan yana jiranki.

Na yi magana da wani malamin Fizis a nan Tudun Wada, zai riƙa zuwa bayan La'asar sau uku a mako in kin dawo hutu. Ki taho da littattafanki tun na aji huɗu, ki ja layi a duk inda ya shige miki duhu, kada ki ji kunyar yawansu. Ranar cike fom kuma tare za mu je, mu karanta shi layi-layi kafin a tura.

Ga garin kwaki da ƙuli-ƙuli nan Mamanki ta haɗo. Hajiya na gaida takwararta. Allah ya yi miki albarka, ya buɗa miki ƙirji.

Babanki.