Rahoton Ayyukan Shekara: Awon Ingancin Wutar Lantarki

Assalamu alaikum, 'yan uwa mambobi.

Kamar yadda babban taron bara ya amince, bana kwamitin fasaha ya duƙufa kan awon wutar da siffarta ta gurɓace. Wutarmu tana kaɗawa sau 50 a daƙiƙa, amma inbatocin sola, cajojin waya, ƙwayayen LED da injinan walda fizgar karant suke yi, ba ja a hankali ba. Nan ne hamonik, wato ƙarin kaɗawa da ke ninka ta asali, ke fitowa: na uku a 150 Hz, na biyar a 250, na bakwai a 350. Na ukun ya fi damun masu wayarin, domin a layi mai fes uku taruwa yake yi a wayar nutural har ta ɗau zafi, taransifoma ma ta ji a jikinta.

Yawancin zaman horaswa ya tafi kan kwatanta hanyoyi biyu na nazarin wuta: Fourier da wabilet. Na'urorin da ke bin ƙa'idar IEC 61000-4-7 suna ɗaukar zagaye 10, wato kashi ɗaya cikin biyar na daƙiƙa, su yi lissafin Fourier, wanda ke tantance kaɗawa iri-iri da ke cikin wutar. Wannan zai nuna maka hamonik ɗin da ke ciki, amma ba zai nuna maka lokacin da abu ya faru ba. Idan wuta ta yi tsalle na ƙiftawar ido sa'ad da aka jona kafasita (na'urar da ke riƙe caji), sai abin ya narke cikin lissafin. Nazarin wabilet, wanda ayyukan Ingrid Daubechies a 1988 da Stéphane Mallat a 1989 suka sauƙaƙa shi a kwamfuta, yana raba siginar gida biyu, mai saurin kaɗawa da mai jinkiri, ya sake raba mai jinkirin, haka har ƙasa. Da wani nau'in wabilet na Daubechies mai suna db4 muka yi gwaje-gwajen, tsallen kuma ya fito sarai tare da lokacinsa.

Sai dai gidajen suna da faɗi. Hamonik na biyar da na bakwai kan faɗa gida ɗaya, sai an koma salon da ke raba kowane ɓangare daidai wa daida. Ra'ayin kwamiti shi ne kada kowa ya yar da Fourier. Iyakar kashi 8 cikin ɗari da ƙa'idar IEEE 519 ta sa wa gurɓatar boltej a layin da bai wuce bolt 1,000 ba, da Fourier ake duba ta.

Mun kuma kai ziyara shagunan walda da wani injin casar shinkafa. Abin da ya fi ɗaure mana kai, da yawa daga cikinmu har yanzu mitar da ba ta da alamar True RMS (alamar cewa tana auna ainihin ƙarfin wuta ko da siffarta ta gurɓace) muke riƙewa, alhali ƙarya take yi idan wuta ta gurɓace.

Na'urar awon da muka yi niyyar saya ba ta samu ba, saboda kuɗin wata-wata bai shigo yadda ya kamata ba. Aro muka yi. Ma'aji zai kawo bayanin kuɗi a taro mai zuwa. Baɗi, in sha Allahu, za mu ɗauki ƙa'idar IEEE 1459 ta 2010, wadda ke ware ƙarfin wutar asali daga na hamonik. Mai son shiga kwamitin ya ba da sunansa.

Wassalam,
Sakataren Ƙungiya