Godiya ga Injiniya da yaran shagonsa na titin Beirut, Kano

Assalamu alaikum.

Injiniya, na ga ya dace godiyar nan ta fito fili, don masu irin matsalarmu su san inda za su dosa.

Cibiyarmu tana horar da ɗalibai masu shirin jarrabawar JAMB, wadda tun 2015 ta koma kan kwamfuta gaba ɗaya. Duk tambayoyin gwajinmu suna cikin uwar garke guda, wato babbar kwamfutar da sauran ke ɗaukar bayanai daga gare ta, ƙirar Dell PowerEdge R720 ta hannu, kuma a kusurwar aji take zaune, tunda ba mu da ɗakin da za mu ware mata. Hunturu na wucewa ta fara ƙugi kamar injin markaɗe. Sai malami ya yi ta ɗaga murya, yaran da ke kusa da ita kuwa su tashi da ciwon kai. Masu shawara ba su bari ba: wannan ya ce a cire fanka biyu, wancan ya ce a kulle ta cikin kabad, wani ya ce akwai umarnin da ke danne gudun fankokin.

Kai kuwa ka ce duk wannan kashe na'ura ne, sai an san abin da ya sa take kuka. Ko murfi ba ka buɗe ba sai da ka shiga iDRAC, sashen da ke lura da lafiyarta, ka juyo min da allo. Cikin fankoki 6 ɗaya ta mutu, shi ya sa sauran suka ƙure gudu don cike gurbinta. Iskar da take shaƙa ta gaba ma ta haura digiri 35, iyakar da aka tsara mata a aikin yau da kullum, ga ta jikin tagar da rana ke duka, a garin da zafin Afrilu ke wuce 40.

Abin da ya fi burge ni shi ne natsuwar yaranka. A waje suka hure ƙurar, ɗaya na riƙe da bulowa, ɗaya ya dafe fukafukin kowace fanka da yatsa kada iska ta juya ta fiye da kima. Ƙurar da ta fito daga tsakanin haƙoran ƙarfen sanyaya firosesa, wato ƙwaƙwalwar na'urar, dunƙule-dunƙule ce, man da ke ƙarƙashinsa kuma ya bushe har yana marmashewa. Suka goge, suka shafa sabo, suka toshe gurbin faifan ajiya da ke buɗe don iska ta bi hanyarta, sannan suka matsar da na'urar daga taga, suka bar wa bayanta fili.

Akwai wasu na'urorin irinta a shagonka na sayarwa, amma ba ka ce mu canza ba. Kuɗin fanka ɗaya da na aiki kawai ka karɓa. Ka kuma faɗa min gaskiya: ba za ta yi shiru kamar kwamfutar tebur ba, kuma duk lokacin da aka kunna ta za ta yi ruri na ɗan lokaci kafin ta lafa, wannan ba ciwo ba ne.

Yanzu ana darasi ba a jin ta sai an matsa kusa. In Allah ya kai mu, kafin hunturu mai zuwa ya ƙare za mu kira ku shara, kamar yadda ka ce. Allah ya saka da alheri, ya ƙara buɗi, ya yi wa yaran albarka.

Naka,
Shugaban wata cibiyar koyon kwamfuta, Kano