Wasiƙa Zuwa Ga Auta, Mai Koyon Busa a Ingila

Tudun Wada, Zariya.

Assalamu alaikum, Auta.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, mu nan duk lafiya lau, sai godiyar Allah. Saƙonka ya iso, mun ji an gama rajista, an haɗa ka da malamin da zai riƙa zama da kai kai kaɗai kowane mako. Allah Ya sa albarka. Ka ce leɓɓanka na mutuwa kafin ka yi minti 20 kana busa, jiri na ɗibarka, kuma karan bakin da ka saya a shago yau ya yi daɗi, gobe ya ƙi. Duk wanda ya ɗauki obo, abin busan nan na Turawa mai kama da algaita, ya san waɗannan ukun, kowanne kuma da dalilinsa. Ka zauna ka karanta a natse.

Algaitar da ka tashi da ita ta ba ka huhu da kunne, amma ta bar maka ɗabi'u biyu da sai ka kwance su. Ka tuna mabusan Ƙofar Fada ranar hawan sallah: karan duk yana cikin baki, leɓe ya jingina da faifan ƙarfen nan, kumatu sun cika tam, karan na kaɗawa yadda ya ga dama. A obo babu faifai. Leɓɓanka ne za su naɗe kan haƙora su riƙe ƙarshen karan kaɗai, kusurwoyin baki su matso ciki kamar bakin zabira da aka ja igiyarsa, haƙora a buɗe, haɓa a miƙe, kumatu a lafe. In ka cusa karan da yawa, amo zai hau ya yi tsini. In ka cije, amon zai shaƙe, leɓe kuma ya gaji nan da nan. Gajiyar minti 20 ɗin nan, ina kyautata zaton cizo ne, cizon kuma yawanci kara mai tauri ko mai buɗaɗɗen baki ne ke jawo shi. Ka tsaya gaban madubi minti 5 kowace safiya da karan kaɗai, ba tare da obon ba, har bakin ya san mazauninsa.

Jirin kuwa daga numfashi ne. Ƙofar karan obo ba ta kai milimita 1 ba, iska kaɗan ce ke wucewa. Mai sarewa iskarsa ke ƙarewa, kai kuwa taka tana nan cike da ƙirji, ta tsufa, jiki na neman sabuwa. In ka shaƙa a kan tsohuwa, jiri ne. Saboda haka fitarwa ake fara yi, sannan a shaƙa. Ka ɗauki fensir ka sa alama iri biyu a takardar kiɗanka, ɗaya ta fitarwa, ɗaya ta shaƙa. Wani lokaci za ka fitar a hutun farko, ka ci gaba da busa da ɗan abin da ya rage, sai a hutu na biyu ka shaƙa. Numfashin nan na masu algaita, wanda ake shaƙa ta hanci kumatu na tura iska ba tare da amo ya yanke ba, ka adana shi. Abokan karatunka da yawa sai sun sha wuya kafin su iya. Zai yi maka rana in ka kai ga kiɗan obo da Bajamushen mai tsara kiɗa Richard Strauss ya rubuta a 1945, wanda farkonsa ya haura gaɓar kiɗa 50 kusan babu wurin hutawa. Amma kada ka fake da shi a shekarar farko, don ba ya raba ka da tsohuwar iska, yana kuma ɓoye wa malami ainihin yadda kake numfashi.

Yanzu maganar da ta sa na ɗauki alƙalami: ka fara koyon ɗaura karanka da hannunka tun wannan zangon. Kada ka ce sai ka shiga aji biyu. Karan shago an fere shi ne don bakin kowa, kara kuma ba ya daɗewa, 'yan kwanaki na busa sosai ya isa ya mutu. Ɗalibin da ya dogara da shago, ranar jarrabawarsa tana hannun wani.

Karan wata irin gora ce, wadda ta fi suna ita ce ta yankin Var a kudancin Faransa, kaurin sandarta milimita 10 zuwa 10.5. A yanzu ka sayi wanda aka riga aka rarake cikinsa, aka yanke siffarsa, aka ninke, kaurin tsakiyarsa wajen milimita 0.58 zuwa 0.60. Ka jiƙa shi minti 20 zuwa 30. In bai jiƙu ba zai tsage wajen ɗauri, in ya kwana a ruwa kuma zai kumbura, ya bushe ya bar kafa a gefe. Ɗan bututun tagullar da ake ɗaura shi a kai tsawonsa milimita 47 ne, bakinsa kuma ba zagaye yake ba, ya ɗan baje kamar ƙwai. Ka soka shi a kan ƙarfen riƙo, ka daidaita faɗin karan da faɗin bakin bututun, tsawon duka ya kama milimita 73 ko 74. Ka goga wa zaren kakin zuma, ka ɗaure bakinsa a wani abu mai ƙarfi, ka ja shi tsantsan. Abin lura a nan guda ne, kuma shi ke kashe karan yawancin masu koyo: zare ya tsaya daidai ƙarshen bututu, kada ko zagaye ɗaya ya wuce. In ya wuce, ya shaƙe maƙogwaron karan ke nan, babu firar da za ta ceto shi. Ka sa alamar fensir a kan karan daidai milimita 47 kafin ka fara. Gefe biyu su rufe lokaci guda. Ka toshe, ka tsotsa ta gindi, in iska na shiga yana yoyo, ka kwance ka sake. Sai ka bar shi ya kwana.

Washegari ka jiƙa, ka kankare ɓawon wajen milimita 10 daga ƙarshe, irin gajeriyar firar da aka fi yi a Turai. Ka sirantar da ƙarshen, ka datse ninkin a kan ɗan katako, ka zura ɗan faranti tsakanin harsunan biyu, sannan ka ci gaba. In an gama, tsawon yakan tsaya wajen milimita 72. Mutanen Amurka doguwar fira suke yi, karansu ya ɗan fi gajarta, don haka in ka ga bidiyonsu a intanet kada ka gauraya hanyoyin biyu. Awon malaminka shi ne awonka har ka gama, ko da ya saɓa da nawa.

Wuƙa ita ce rabin aikin. Dakusasshiya sai ka danna, in ka danna kuma ta yage ƙarshen da ya fi takarda siranta. Ka wasa ta kafin kowane zama da kuma tsakiyarsa, ka gwada a farcen babban yatsa: in ta kama ba ta zame ba, ta yi. Ka zauna kusa da fitila, ka riƙa ɗaga karan kana duba inuwarsa. Ƙarshe ya yi haske, tsakiya ta yi duhu, harshe biyu su yi kama da juna kamar an tsaga kara. Abin da ka cire a wannan gefe, ka ƙirga, ka cire daidai shi a wancan.

In kara ya ƙi, ka tambaye shi abin da ke damunsa kafin ka kai masa wuƙa. Wanda ƙananan amo ba sa fita da shi a hankali, ƙarshensa ne ya yi kauri, musamman kusurwoyi. Wanda amonsa ya faɗi ƙasa yana rawa, manyan amo na zubewa, an ci tsakiyarsa da yawa. Ka datse ƙarshen kamar kaurin gashi, wataƙila ya dawo, wataƙila ya tafi ke nan. Mai buɗaɗɗen baki yana saukar da amo yana gajiyar da leɓe. Ka jiƙa shi sosai, ka matse bayansa a hankali da yatsu. Mai rufaffen baki amonsa siriri ne, yana kuma hawa. Kada ka gama kara rana ɗaya, yana sauya hali bayan ya bushe, fira kaɗan kaɗan cikin kwana 3 ta fi. Ka ɗaura 3 ko 4 kowane mako. Na farkon da yawa kwandon shara za su, kada wannan ya karya maka gwiwa. Ka buɗe ɗan littafi ka riƙa rubuta awon kowanne da abin da ya same shi. Kullum akwatinka ya kasance da aƙalla 3 masu aiki, kana juya su. Gamammen kara minti 2 zuwa 3 a ruwa mai ɗumi kaɗan ya ishe shi, kuma ka wanke baki kafin busa, don shayi mai sukari na toshe shi.

Gwajin yau da kullum ba sai na tsawaita ba. Awa 3 a rarrabe, minti 40 ka huta 10, ta fi awa 5 a jere da mataccen leɓe. Ka fara da dogon amo, daga can ƙasa ka ƙara ƙarfi ka dawo, idonka a kan na'urar auna amo, daga baya ka rufe ido ka bar kunne ya yi aikin. Sai hawa da sauka da agogon ƙidaya, sai darussan busa 48 na Ferling, wani Bajamushen mabushin obo, waɗanda masu sanyin cikinsu sun fi masu gudun tona asirin mabushi. Wurin da yatsu ke sarƙewa, ka rage gudu zuwa rabi. Kiɗan obo da shahararren mai tsara kiɗa Mozart ya rubuta a 1777 ka fara shi da wuri, don kusan duk inda za ka nemi kujera a babbar ƙungiyar makaɗa sai an ce ka busa shi. In babban yatsan dama ko wuyan hannu ya fara zafi, ka tsaya ka gaya wa malami a makon, kada ka daure.

Darasin horar da kunne da na ƙa'idojin haɗa amo, ɗalibai kan raina su. Kai kada ka yi. Obo ce ke ba dukan ƙungiya amon da ake kira A kafin a fara, mai kaɗawa sau 440 a daƙiƙa a Ingila, 442 ko 443 a wurare da yawa na sauran Turai, kuma mutum 70 ko 80 da kai za su daidaita. Ka sani sanyi na saukar da amon abin busa, zafi na ɗaga shi, don haka ka ɗumama obon kafin ka bayar. Kada ka zaro kara don saukar da amo, yana ɓata tazarar da ke tsakanin amo da amo. A soka shi har ƙarshe, gyara a wuƙa yake. A ƙungiyar mutum 5 ta masu busa za ka koyi sauraron na kusa da kai fiye da ko'ina. Ka je da wuri, da fensir. In an zaunar da kai gaban masu ƙahonin tagulla, ka sa abin toshe kunne na makaɗa.

Na san akwai masu cewa busa ba karatu ba ne. Mu da muka sa maka albarka mun san abin da muka yi. Abin da muke nema gare ka shi ne salla a kan lokaci, ka duba jadawalin gwaji tun farkon mako ka san inda azahar da la'asar suka faɗo, don ranar hunturu a can gajeriya ce ƙwarai. Da azumi ka mayar da busa mai nauyi bayan sahur ko bayan shan ruwa, rana kuma ka ba ɗaurin kara da karatu.

Saura itacen. Jikin obo baƙin itace ne da ake sarowa a Tanzaniya da Mozambik, mai nauyi da tauri, amma yana tsagewa, kusan kullum a gaɓar sama, wajen ƙananan ramukan nan da ke kusa da juna. Dalilin shi ne numfashi mai ɗumi da laima na kumbura ciki alhali waje na da sanyi a bushe. In ka shigo daga sanyi, ka sa gaɓar sama a hammata minti 5 kafin ka busa. Kada ka hura iska ciki don ɗumama ta, kada ka ajiye ta kusa da abin ɗumama ɗaki. Da yake taka sabuwa ce, makonnin farko minti 10 zuwa 15 kawai a kowane zama, kana ƙarawa sannu sannu, sauran lokacin ka yi da ta aro. Ka share ciki duk bayan busa. Tsumman siliki ka warware shi sarai kafin ka zura, ƙulli ɗaya ya isa ya maƙale. In ya maƙale kada ka ja da ƙarfi, ka kai wa mai gyara. In amo na gurgura, ruwa ne ya shiga rami, ka sa siririyar takarda marar danƙo ƙarƙashin maɓallin ta tsotse. Ƙananan kusoshin daidaitawa kuwa kada sukudireba ta taɓa su sai malami na tsaye.

Mahaifiyarka ta ce kana son zuwa hutun Disamba. Muna marhabin, amma ka san lokacin hunturu ne, iskar da ke fasa leɓe da dunduniya a Zariya ba za ta ƙyale itace ba. In da hali ka bar ta itacen a can, ka zo da ta roba. In dole ne, ka sa ɗan soso mai laima cikin gwangwani mai huji a akwatin, kada ya taɓa maɓallai, da ɗan ma'aunin laima, ka riƙe shi tsakanin kashi 45 da 55. Da ka ga zoben ƙarfen bakin gaɓa ya fara juyawa, itacen ya ƙanƙance, kada ka haɗa ta da ƙarfi. In ka ga tsaga, ka daina busa nan take, ka sa fensir a farkonta da ƙarshenta, don takan rufe mai gyara ya kasa ganinta, kuma kada ka ɗiga mata gam. A jirgi obon na hannunka, wuƙaƙen fira kuma cikin babbar jaka, in ba haka ba za a karɓe su a filin jirgi. A mota daga Kano ko Abuja ka ɗora ta a cinya, kada ta shiga but.

Yayyenka na gaishe ka. Mahaifiyarka ta ce ka faɗi ko yajin da ta haɗa maka ya ƙare, a aiko da wani. Ka turo mini hoton karanka 3 na farko a gaban fitila, gaba da gefe, da awonsu.

Allah Ya yi maka albarka, Ya tsare.

Mahaifinka.