Turanci a Firamare: Umarnin Minista Ba Zai Koya wa Yaro Harshe Ba

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon fili a wannan jarida mai farin jini domin mu tofa albarkacin bakinmu kan sanarwar da Ministan Ilimi, Dakta Tunji Alausa, ya yi a Nuwamban 2025, cewa an soke tsarin koyarwa da harshen uwa na 2022, an koma Turanci tun daga ajin farko. Hujjarsa ita ce yawan faɗuwa a WAEC da NECO. To amma waɗanda suka rubuta jarrabawar 2025 sun bar firamare tun kafin a amince da wancan tsari, don haka ba shi ya kayar da su ba.

Mu malaman Turanci ne, kuma babu wanda ya fi mu son yaranmu su iya shi. Sai dai ga yaron Gumel ko Ɗambatta Turanci baƙon harshe ne: ba ya jin sa a gida, ba ya jin sa a kasuwa. Baƙon harshe kuwa koyar da shi ake yi daki-daki kafin a ɗora masa nauyin lissafi da kimiyya.

A aji ɗaya, minti talatin na ji da magana kowace rana sun wadatar, ba tare da alli ba. Malami ya ba da umarni da Turanci, ya aikata, yara su kwaikwaya: tashi, zauna, taɓa kai, buɗe ƙofa. Sababbin kalmomi kada su wuce shida zuwa takwas a darasi, a kuma maimaita na jiya kafin a ƙara. Karatu kuwa a fara shi da Hausa, domin yadda ake rubuta ta kusan haka ake furta ta, yaro kuma yana fahimtar abin da ya haɗa. Wanda ya iya haɗa baƙi da wasali da Hausa ba sai an sake koya masa wannan dabarar ba idan ya zo Turanci a aji biyu.

Nan ne ake buƙatar gwanin malami. Baƙaƙe irin su b, d, k, l, m, n, s, t duk ɗaya ne a harsunan biyu, sai a wuce su da sauri. Matsalar tana wasula: Hausa na da biyar, kowane da dogo da gajere, Turancin Ingila kuwa yana da sautin wasali kusan ashirin da ake rubutawa da haruffa biyar ɗin nan. Sannan yaron da ya saba da c ta "ciki" zai karanta cat da wannan sautin in ba a faɗakar da shi ba. Haka p da f: a riƙe 'yar takarda a gaban leɓe, in an furta pan za ta motsa da ƙarfi, in fan ne sai haƙoran sama su hau leɓen ƙasa. Minti biyar na irin wannan atisaye kullum, yara biyu-biyu suna gwada juna, ya fi awa guda na amshi. A ajin da ke da yara tamanin, amshin baki ɗaya yana ɓoye duk wanda bai iya ba, malami ya ji ajin ya ɗauki sauti ya zaci an gane.

Tarar da wasu makarantu ke ci wa mai yin Hausa a aji ma ɓarna ce, domin yaron shiru kawai yake yi, ya daina tambaya.

An riga an gwada hanyar da muke faɗa. Daga 1970, a gwajin Ife da Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta, an koyar da yara da Yarbanci shekara shida, Turanci kuma a matsayin darasi a hannun ƙwararren malami, ba su kuma gaza takwarorinsu a Turancin ba. Wannan ƙwararren malamin shi ne abin da ba mu da shi. A 2017 malamai 21,780 cikin 33,000 a Jihar Kaduna suka faɗi jarrabawar 'yan aji huɗu. Malamin da Turanci ke masa wuya, in aka tilasta masa koyar da komai da shi, rubutu zai cika allo da shi yara su kwafa. Ita ma WAEC, takardarta ta furuci zaɓen amsa kawai ake yi, ba a jin bakin kowa, shi ya sa malamai ba sa damuwa da magana.

Muna kira ga hukumomin kula da ilimin firamare na jihohinmu (SUBEB) su ware wa kowace firamare malamin Turanci aƙalla ɗaya, wanda aka gwada maganarsa baki da baki kafin ɗauka, su kuma samar wa kowane yaro na aji ɗaya zuwa uku littafin karatu na Hausa da na Turanci wanda zai iya tafiya da shi gida.

Naku,
Wasu malaman Turanci,
Kano.