Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga shugaban ƙaramar hukumarmu kan benen firamare

Assalamu alaikum ranka ya daɗe. Kan benen da ake ginawa a firamaren unguwarmu nake magana.

Ni birkila ne, na fi shekara ashirin ina zuba kankare, jiya na hau dekin ɗin kafin a yi zubi, wallahi abin da na gani ya hana ni barci. Rodin barandar sama duk an shimfiɗa shi a ƙasa, kwance kan katako, alhali barandar nan ba fila ko ɗaya a bakinta.

Ranka ya daɗe kankare da bulo da dutse halinsu ɗaya, ka danne su su jure, ka ja su su tsage. Ƙarfin kankare wajen ja kusan kashi ɗaya cikin goma ne na ƙarfinsa wajen danni, don cikinsa cike yake da ƙananan tsaga da ido ba ya gani, in nauyi ya danna sai bakinsu ya rufe, in kuwa aka ja sai ya buɗe tsagar ta zarce lokaci guda, ba ya lanƙwasa ya ba ka sanarwa kamar ƙarfe. Shi ya sa ake sa rodi daidai inda jan yake. Bim, wato dogon kankaren da ake ɗorawa kan fila biyu, ƙasansa ne ke miƙewa, amma baranda mai leƙowa waje samanta ne, rodinta dole ya zauna a sama. Maginan da ma ba su ɗaga bakan gizon rufin soro da laka zalla ba, sai da azara a ciki.

Na gaya wa ɗan kwangilar, wai zai ƙara siminti. Ko buhu ɗari ya ƙara ba zai maye gurbin rodin da aka sa a inda ba aikinsa ba.

Ranar aza harsashi da bakinka ka ce injiniya zai duba kowane mataki, har yau ba mu ga ƙeyarsa ba. Ka tuna Jos, Yulin 2024, benen Saints Academy ya rufta mutum 22 suka rasu, yawancinsu ɗalibai.

Bulon ma murmushewa yake a hannu, ga yashi mai ƙasa, amma wannan a bar shi tukuna. Don girman Allah ka dakatar da zubin ranar Asabar, ka turo injiniya a ɗago rodin nan, in kankare ya rufe shi ba mai sake ganinsa. 'Yata tana aji huɗu, ajinsu aka ce za a kai sama.

Naka, birkila daga unguwar.