Wasiƙa zuwa ga Edita: Rainer Weiss da shekara 43 na sauraron sararin samaniya

Ranka ya daɗe Edita,

Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon fili in yi magana a kan wani masani da ya rasu ranar 25 ga Agusta, 2025, yana da shekara 92, wato Farfesa Rainer Weiss na jami'ar MIT da ke Amurka. Na yi shekaru ina koyar da fiziks a makarantar sakandare kafin in ajiye aiki, kuma tun da labarin rasuwarsa ya iske ni nake jin nauyin in ba iyaye da malamai 'yan uwana labarinsa, domin an fi saninsa da lambar yabo ta Nobel da ya karɓa a 2017 saboda aikin gano igiyoyin nauyi, alhali hanyar da ya biyo kafin ya isa can ce ta fi taɓa mini zuciya.

An haife shi a Berlin a 1932. Mahaifinsa likita ne Bayahude, saboda haka zama a Jamus ya gagare su da ƙarfin 'yan Nazi ya ƙaru. Suka gudu Prague, daga can suka isa New York a farkon 1939. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu kayan lantarkin soja da aka daina amfani da su suka cika kasuwa da araha, yaron ya riƙa sayensu yana harhaɗa rediyo da na'urorin ƙara sauti. Abin da ya dame shi a lokacin shi ne hayaniyar da allurar garmaho ke yi idan tana bin faifai, wadda takan danne kiɗan a wuraren da ya yi sanyi. Neman maganin wannan hayaniya ne ya kai shi MIT.

A shekararsa ta uku a jami'a karatun ya watse. Ya kamu da son wata ɗaliba mai koyon kiɗa, ya bi ta har yankin Chicago, soyayyar ba ta ɗore ba, ya dawo ya tarar ya faɗi jarrabawa an sallame shi. Da ya rasa abin yi sai ya shiga wani tsohon gini na katako a harabar jami'ar yana neman aikin hannu, Farfesa Jerrold Zacharias ya ɗauke shi ma'aikacin ɗakin gwaji, inda ake ƙera agogon da ke auna lokaci da ƙwayar zarra. A nan ya ƙware a liƙa waya da dalma da sarrafa ƙarfe, kuma Zacharias, da ya lura da basirar da ke hannun yaron, ya tsaya masa har aka mayar da shi aji. Ya sami digirin farko a 1955, ya kammala na uku a 1962.

Duk lokacin da na zo nan a labarin sai in tuna wani ɗalibina da babu rediyon da zai lalace a unguwarsu bai tashe shi ba, amma takardar jarrabawa ta kayar da shi sau biyu. Na sa hannu a sakamakonsa, na yi masa addu'a, muka rabu. Ban yi masa abin da Zacharias ya yi wa Weiss ba, kuma har yau abin yana ci mini rai.

Abin da Weiss ya ƙarar da rayuwarsa a kai yana bukatar ɗan bayani. A 1915 Albert Einstein ya nuna cewa ƙarfin da ke jawo abu ya faɗo ƙasa, wanda kuma ke riƙe duniya tana kewaya rana, ya samo asali ne daga yadda abu mai nauyi ke lanƙwasa sarari da lokaci a kewayensa. Shekara guda bayan haka ya lissafa cewa idan abubuwa masu tsananin nauyi suka yi motsi da ƙarfi, lanƙwasar za ta bazu da gudun haske, kamar yadda ruwan tafki ke yin igiya idan an jefa dutse. Waɗannan su ne igiyoyin nauyi. Idan suka ratsa wuri sukan miƙar da tazara ta wani ɓangare su matse ta ta ɗaya ɓangaren, sai dai canjin ya yi ƙanƙantar da masana da yawa suka ɗauka ba za a taɓa iya auna shi ba.

Wajen 1967 aka ɗora wa Weiss koyar da nazariyyar Einstein. Ɗalibai suka tambaye shi game da gwajin Joseph Weber, wanda ke neman igiyoyin da manyan sandunan alminiyam, shi kuma da ya ga bai gamsu da bayanin da zai ba su ba, sai ya tsara musu wata hanya mai sauƙin fahimta: a rataye madubai nesa da juna, a riƙa auna tazarar da ke tsakaninsu da haske. Daga wannan darasi na aji aikin ya tsiro. A 1972 ya rubuta rahoto a cikin mujallar cikin gida ta ɗakin bincikensu, ya bi ɗaya bayan ɗaya duk abin da zai iya ruɗa na'urar, tun daga girgizar ƙasa da motsin da zafi ke sa ƙwayoyin madubi su yi har zuwa rashin daidaiton hasken lesa kansa (wato siririn haske mai ƙarfi da ake auna tazarar da shi), ya lissafa girman kowanne da hanyar rage shi, ya kuma nuna cewa dole na'urar ta kai tsawon kilomitoci. A ganina yaron nan mai faɗa da hayaniyar garmaho ne ya rubuta wannan rahoto, domin tambayar ba ta canza ba, wato yadda za a tsamo sauti mai rauni daga cikin hayaniyar da ta fi shi ƙarfi.

Daga 1972 zuwa ranar da aka ji sautin farko shekara 43 ne. Kip Thorne na jami'ar Caltech da farko bai yarda hanyar za ta yi aiki ba, sai da suka kwana suna tattaunawa a wani ɗakin otal a Washington a 1975, ya koma ya yi nazarin rahoton, sannan ya shigo. Wani masanin fiziks, Ronald Drever, ya taho daga Glasgow da dabarunsa. An sha saɓani a kan shugabanci har aikin ya kusa rushewa, kafin Barry Barish ya karɓi ragama a 1994 ya tsara shi. Aka gina na'urorin kama igiyoyin guda biyu da ake kira LIGO, ɗaya a Hanford ta jihar Washington, ɗaya a Livingston ta jihar Louisiana, kowacce da hannuwa biyu masu tsawon kilomita 4 a siffar harafin L, bututu ne da aka zuƙe iskar cikinsu. Ana raba hasken lesa gida biyu, kowane kashi ya bi hannu ɗaya ya bugi madubi ya dawo, kuma an daidaita su yadda idan sun haɗu za su kashe juna. In igiya ta wuce, hannu ɗaya ya ɗan fi ɗaya tsawo, sai haske kaɗan ya ɓullo. Daga 2002 zuwa 2010 na'urorin suka yi ta saurare ba su kama komai ba. Hukumar kimiyya ta Amurka ba ta janye kuɗinta ba, aka kwance su aka inganta, kuma a shekarun nan Weiss, duk da tsufa da girman matsayi, yakan bi bututun da kansa yana neman inda iska ke yoyo.

Ranar 14 ga Satumba, 2015, da ƙarfe 10:50 na safe agogon Najeriya da Nijar, alamar ta isa Livingston, bayan kashi 7 cikin dubu na daƙiƙa ta isa Hanford. Baƙaƙen ramuka biyu ne suka haifar da ita, wato gawarwakin taurari da ko haske ba ya kuɓuce wa janyowarsu, ɗaya ya ninka nauyin rana kusan sau 36, ɗaya sau 29, suka kewaya juna har suka haɗe suka zama guda mai nauyin rana 62. Nauyin rana 3 da ya ɓace ya fita ne a matsayin igiyoyi, waɗanda suka yi tafiyar shekara kusan biliyan 1.3 kafin su iso mana, suka motsa madubai masu nauyin kilo 40 da abin da bai kai kashi ɗaya cikin ɗari na faɗin furoton ba, wato ɗan ƙaramin ɓangaren da ke tsakiyar ƙwayar zarra. Weiss na hutu a jihar Maine a ranar, saura mako biyu ya cika shekara 83.

Abin da suka yi bayan haka ya ƙara musu daraja a idona. A 2010 an taɓa cusa alamar ƙarya cikin na'urorin da gangan don a gwada masu binciken, saboda haka wannan karon ba su yi gaggawar shela ba. Sun ɗauki wata biyar suna bincike ko kuskure ne, ko gwaji, ko ma wani ya yi musu kutse, sai ranar 11 ga Fabrairu, 2016 suka sanar da duniya, a takarda mai ɗauke da sunayen mutum fiye da dubu. Da aka raba kyautar Nobel, Weiss ya sami rabi, Thorne da Barish suka raba ɗaya rabin. Drever ya riga ya rasu a watan Maris na 2017. A watan Agustan 2017 kuma LIGO tare da na'urar Virgo ta Italiya suka gano karon taurarin niyutiron biyu, wato ragowar manyan taurarin da suka fashe suka dunƙule, masu kallon sama suka juya madubansu suka ga hasken, aka sami shaidar cewa a irin wannan karo ake samar da ƙarafa masu nauyi irin su zinariya.

Roƙona gare ka, Edita, guda biyu ne. Idan za ku ba da labarin masana a shafinku na ilimi, a riƙa faɗin inda suka yi tuntuɓe da wanda ya tashe su, domin akwai malamai masu karanta ku da ke da ɗalibi irin nawa a gabansu yanzu haka. Na biyu, alamar ranar 14 ga Satumba ta faɗo cikin iyakar abin da kunnen ɗan Adam ke ji, domin ta tashi daga bugu 35 zuwa 250 a daƙiƙa, kuma masanan sun mayar da ita sauti sun sake shi kyauta ga kowa. Ku sanya shi a shafinku na intanet tare da bayani da Hausa. Tsawonsa bai wuce kashi ɗaya cikin biyar na daƙiƙa ba, saboda haka a gargaɗi mai sauraro ya kasa kunne sosai, ya kuma maimaita.

Na gode, Allah ya ƙara wa jaridar albarka.

Naku,
Tsohon malamin fiziks, Zariya